Draconian: Sifar da Ta Samo Asali Daga Sunan Mai Dokar Atina

Assalamu alaikum, masu kallonmu, barkanmu da sake saduwa. Duk wanda yake karanta jaridun Turanci, ko yake bin muhawarar 'yan majalisa da lauyoyi, ya san cewa akwai wata kalma da ba a rasa ta a duk lokacin da gwamnati ta fito da doka mai zafi, ko kotu ta yanke hukuncin da jama'a suke ganin ya yi yawa. Kalmar ita ce draconian, kuma ita ce za mu tattauna a kanta a wannan shiri: abin da take nufi, inda ta fito, da yadda ya kamata a yi amfani da ita.

Draconian sifa ce, wato kalma ce da take bayyana yanayin wani abu, kuma abin da take bayyanawa shi ne doka, ko hukunci, ko mataki na hukuma wanda tsananinsa ya wuce kima. A lura da wannan batu na wuce kima, domin shi ne zuciyar ma'anar. Ba kowace doka mai tsauri ake kira draconian ba. Ana kiran doka da wannan suna ne idan an auna laifin, aka auna horon da aka tanadar masa, sai aka ga horon ya rinjayi laifin nesa ba kusa ba. Idan an ɗaure ɗan fashi shekaru masu yawa, mutane za su ce hukuncin ya yi tsauri, amma ya dace da aikinsa. Idan kuwa aka ɗaure mutum shekaru masu yawa saboda ya ajiye mota a inda aka hana, to nan ne Bature zai ce hukuncin draconian ne.

Wajen furuci, kalmar tana da gaɓa huɗu, dra-ko-ni-yan, kuma ana ɗora ƙarfin murya a kan gaɓa ta biyu, wato ko. Wasu masu magana da Turanci suna furta gaɓar farko kamar dra, wasu kuma kamar dre, kuma duka biyun karɓaɓɓu ne. Idan aka rarraba ta, za a ga sunan mutum ne aka liƙa wa ɗafa-ƙeyar nan ta Turanci mai haruffa uku, i da a da n, wadda take mayar da suna ya zama sifa, kamar yadda ake samun Egyptian daga Egypt. Sunan da aka liƙa wa ita shi ne Drakon, wanda Turawa suke rubutawa Draco bisa tsarin Latin.

Drakon mutumin birnin Atina ne a ƙasar Girka, kuma ya yi aikin da ya sa ake tunawa da shi a wajajen shekara ta 621 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Kafin a fahimci abin da ya yi, sai an san halin da birnin yake ciki a lokacin. Atina ba ta da rubutacciyar doka. Shari'a tana hannun manyan gidaje masu asali da dukiya, su ne suke riƙe da al'adun gari a ka, su ne suke fassara su, kuma su ne suke yanke hukunci da su. Talaka ba shi da wata takarda ko wani allo da zai nuna ya ce ga abin da doka ta faɗa. Batun kisan kai kuwa, dangin mamaci ne suke ɗaukar fansa da hannunsu, dangin wanda aka kashe a fansar su ma su tashi nasu, gaba ta yi ta gudana daga kakanni zuwa jikoki.

Kimanin shekara 10 kafin Drakon, wani abu ya faru da ya girgiza birnin. Wani basarake mai suna Kilon, wanda ya taɓa cin gasar Olamfik kuma surukin mai mulkin birnin Megara ne, ya tara magoya baya ya mamaye Akrofolis, tudun da ke tsakiyar Atina, da nufin ƙwace mulki. Yunƙurin bai yi nasara ba, aka yi musu ƙawanya, mutanensa suka fake a wurin bautar Atena, allahiyar da mutanen birnin suke bauta wa, aka yi musu alkawarin ba za a taɓa rayukansu ba idan sun sauko. Da suka sauko sai aka karkashe su. An ɗora alhakin wannan cin amana a kan Megakles, shugaban birnin na wannan shekara, da zuriyarsa, kuma tabon ya bi gidan har tsawon ƙarnoni. Masana tarihi da yawa suna ganin cewa gabar da wannan jini ya haifar tana cikin dalilan da suka sa mutanen Atina suka ga dole a rubuta doka, a kafa ta a fili, a fitar da fansa daga hannun dangi a mayar da ita gaban alƙalai.

Drakon aka ɗora wa wannan aiki. An rubuta dokokinsa a kan wasu alluna na katako da Girkawa suke kira aksones, waɗanda aka kafa a kan sanda ta yadda mai karatu zai iya juya su ya karanta kowace fuska. Ba shi ne farkon wanda ya rubuta doka a duniya ba, domin Hammurabi na Babila ya riga shi da fiye da shekara 1,000, amma a Atina shi ne na farko.

To ina tsananin ya fito? Mafi shaharar bayani a kan haka ya zo ne daga marubuci Fulutak, wanda Turawa suke kira Plutarch, a cikin tarihin da ya rubuta na rayuwar Solon, wani shugaban Atina da ya zo bayan Drakon. Ya ce a dokokin Drakon kusan kowane laifi hukuncinsa ɗaya ne, wato kisa. Wanda aka samu da zaman banza ba ya aiki, kisa. Wanda ya saci ganyen miya ko 'ya'yan itace, hukuncinsa daidai yake da na wanda ya yi sata a wurin ibada ko ya kashe rai. An yi wa laifuka kuɗin goro ke nan, ba babba ba ƙarami. Fulutak ya ƙara da cewa da aka tambayi Drakon dalilin da ya sa ya yanka kisa a kan yawancin laifuka, sai ya amsa cewa a ganinsa ƙananan laifukan sun cancanci kisa, manyan kuwa bai samo musu hukuncin da ya fi kisa ba. A nan ne kuma aka ruwaito maganar Demades, wani gwanin magana na Atina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ya ce da jini Drakon ya rubuta dokokinsa, ba da tawada ba.

Sunan mutumin ma ya taimaka wajen ɓata shi. A Girkanci drakon yana nufin ƙaton maciji, kuma daga wannan kalma ce Turanci ya sami dragon, dodon nan na tatsuniyoyin Turawa mai siffar maciji. Girkawa ba su bar wannan dama ta wuce su ba. Masanin falsafa Aristotal ya ruwaito cewa wani mai suna Herodikus ya ce dokokin nan ba na ɗan Adam ba ne, na maciji ne, saboda zafinsu. Shi kansa Aristotal ya rubuta cewa babu wani abu na musamman a dokokin Drakon da ya isa a ambata, sai tsananin hukuncinsu.

Dokokin ba su daɗe ba. A wajajen shekara ta 594 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ƙasa da shekara 30 bayan rubuta su, rikici tsakanin masu ƙasa da talakawan da bashi ya mayar bayi ya kai matuƙa, aka naɗa Solon ya gyara al'amura. Solon ya yafe basussuka, ya hana a bautar da ɗan Atina saboda bashi, kuma ya soke dokokin Drakon gaba ɗaya, in ban da dokar kisan kai.

Wannan doka guda da ta tsira ita ce nake so mu tsaya a kanta, domin a nan ne labarin yake canza kama. A shekara ta 409 zuwa 408 kafin haihuwar Annabi Isa, hukumar Atina ta ba da umarni a kwafi dokar Drakon ta kisan kai a sassaƙa ta a kan dutsen marmara. An gano wannan dutse a Atina a ƙarni na 19, yana ajiye yanzu a gidan adana rubuce-rubucen duwatsu na birnin, kuma a 1968 wani masani mai suna Ronald Stroud ya sake nazarinsa bayan an tsabtace shi, ya karanto haruffa da yawa da ba a iya gani a da. Abin da ke kan dutsen ba ya kama da hoton mai zubar da jini da muka gani ɗazu. Dokar ta ce wanda ya kashe mutum ba da niyya ba, hukuncinsa shi ne ya bar ƙasar. Ta kafa alƙalai 51 da ake kira efetai, su ne za su tantance ko kisan na kuskure ne. Ta buɗe ƙofar yafiya: idan mamacin yana da uba, ko ɗan'uwa, ko 'ya'ya maza, to za su iya yafe wa wanda ya yi kisan ya dawo gida, da sharaɗin dukansu sun amince, domin idan ɗaya ya ƙi, maganarsa ce za a bi. Idan babu waɗannan, sai a gangara zuwa sauran dangi na kusa, idan su ma babu, sai a zaɓi mutum 10 daga cikin ƙungiyar zuriyar mamacin su yanke shawara. Har ma dokar ta kare ran wanda aka kora ɗin, ta ce muddin ya nisanci kasuwannin kan iyaka da wuraren wasanni da bukukuwan ibadar da aka hana shi, duk wanda ya bi shi ya kashe shi za a tuhume shi kamar wanda ya kashe ɗan gari.

Masu kallo da suka san bambancin kisan ganganci da kisan kuskure a fiƙihu, da matsayin waliyyan mamaci wajen yafewa, za su ga cewa tambayoyin da wannan tsohuwar doka take ƙoƙarin amsawa ba baƙi ba ne a wurinsu, ko da yake tushen shari'o'in biyu daban ne. Mutumin da ya zauna ya yi tunanin niyya, ya yi tunanin wanda yake da ikon yafiya, ya yi tunanin yadda za a hana fansa ta bi mai laifi har ƙasar waje, ba mutum ne da bai san awo ba. Ya kamata kuma a tuna cewa Fulutak ya yi rubutunsa ne kimanin shekara 700 bayan zamanin Drakon, kuma akwai masana na wannan zamani da suke ganin an ƙara gishiri a labarin kisa saboda ganyen miya. Ni a ganina tarihi bai yi wa Drakon cikakken adalci ba. Abin da ya rage na rubutunsa yana nuna natsuwa da hangen nesa, abin da ya sa sunansa ya zama abin tsoro kuwa ta bakin wasu muka ji shi. Ba ina nufin dokokinsa masu sauƙi ba ne, domin da masu sauƙi ne da Solon bai soke su cikin ɗan lokaci haka ba, kuma da mutanen garinsa ba su ci gaba da ambaton zafinsu ba. Abin da nake cewa shi ne kalmar ta ɗauki rabin mutumin ta bar rabi.

Turanci ya fara amfani da sifar ne a ƙarni na 18, lokacin da duk wani mai ilimi a Ingila ya taso da karatun Girkanci da Latin, ya san Fulutak tun yana makaranta. Da farko ana rubuta ta da babban harafi, ana nufin abin da ya shafi Drakon kansa, daga baya ta koma sifar kowace doka mai wuce gona da iri, kuma yau yawancin marubuta da ƙaramin harafi suke rubuta ta. Turawan Ingila na wancan ƙarni ba sai sun je Atina ba kafin su ga abin da kalmar take nufi. A ƙarshen ƙarni na 17 laifukan da ake rataye mutum a kansu a Ingila kimanin 50 ne, amma zuwa farkon ƙarni na 19 sun haura 200. Satar kayan sule 5 a kanti ta isa a rataye mutum. Wata doka ta 1723 ta sa kisa a kan wanda aka gani a gandun daji da makami ya shafa baƙi a fuska. Satar kayan fam 2, wato sule 40, a cikin gidan mutum ita ma kisa ce, shi ya sa masu taya alƙali yanke hukunci sukan rantse cewa kayan da aka sata na sule 39 ne, ko da sun san sun fi haka, domin su kuɓutar da ɓarawon daga igiya. Wannan darasi ne da masu nazarin shari'a suka daɗe suna jan hankali a kansa, cewa idan horo ya zarce hankali, waɗanda aka ɗora wa zartar da shi su ne farkon masu kauce masa. Sai da mutane irin su Samuel Romilly suka yi ta fafutika a majalisa, aka fara da soke kisa a kan yankan aljihu a 1808, har zuwa 1861 da laifukan kisa suka koma 'yan ƙalilan, irin su kisan kai da cin amanar ƙasa.

Yanzu bari mu koma ga yadda ake amfani da kalmar a yau, domin nan ne masu koyon Turanci suka fi tuntuɓe. Turanci yana da sifofi da dama na tsanani, kuma ba ɗaya suke ba. Strict tana iya zama yabo, domin idan aka ce malami strict ne, ana iya nufin yana da tsare gida, ba ya wasa da tarbiyya. Severe tana da faɗi ƙwarai, ana faɗinta a kan ciwo, da fari, da ambaliya, da hukunci. Harsh tana tafiya da yanayi, da murya, da magana. Draconian kuwa gidanta ƙarami ne: tana tafiya ne kawai da abin da wani mai iko ya ɗora wa wasu. Shi ya sa za ku ji draconian laws, wato dokoki, da draconian measures, wato matakai, da draconian penalties, wato horo, da draconian restrictions, wato takunkumi, da kuma draconian cuts, wato zaftare kasafin kuɗi ko rage ma'aikata ba ji ba gani. Ba a cewa zazzaɓi draconian ne, ba a cewa zafin rana draconian ne, domin zazzaɓi da rana ba doka suka kafa ba. Ba kasafai kuma ake jingina ta ga mutum kai tsaye ba; an fi cewa dokokin shugaba ko matakansa ne draconian.

Misalan da aka fi jin kalmar a kansu suna da yawa. A jihar New York ta Amurka, dokokin miyagun ƙwayoyi da aka kafa a 1973 zamanin gwamna Nelson Rockefeller sun tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 15 ba, wanda zai iya kaiwa rai da rai, ga wanda aka kama yana sayar da oza 2 na ƙwaya irin su hodar ibilis, kuma shekaru da dama masu suka suna kiransu draconian kafin a sassauta su. A Najeriya, jaridu sun yi ta liƙa wannan sifa ga dokokin soja na 1984: Doka ta 2 da ta ba da damar tsare mutum ba tare da gurfanar da shi ba, da Doka ta 4 wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda, da kuma Doka ta 20 wadda aka mayar da aikinta baya ta shafi laifukan da aka yi kafin a fitar da ita, har aka harbe mutum uku a Legas a watan Afrilun 1985 kan fataucin ƙwaya. A 2020, tun daga rufe birnin Wuhan na ƙasar Sin ranar 23 ga Janairu, kalmar ta cika kafafen yaɗa labarai a kan dokokin kulle na annobar korona.

Wannan misali na ƙarshe yana nuna wani abu da nake so kowane ɗan jarida da mai fassara ya riƙe. Draconian ba kalmar 'yan ba ruwanmu ba ce. Duk wanda ya furta ta ya riga ya yanke hukunci. Kullen da wani ya kira draconian, shi ne wani ya kira matakin ceton rai. Gwamnati ba ta cika kiran dokarta da wannan suna ba, sai dai ta ce dokar tough ce ko firm, wato mai ƙarfi, ba sani ba sabo. 'Yan adawa, da lauyoyin wanda ake ƙara, da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam su ne suka fi ɗaukar ta. Saboda haka idan mai rahoto ya rubuta cewa majalisa ta zartar da draconian law, ba tare da ya jingina maganar ga kowa ba, to ya bar aikin rahoto ya shiga sharhi. Abin da ya fi dacewa shi ne ya faɗi abin da dokar ta tanada, shekara nawa ko tara nawa a kan wane laifi, sa'an nan ya faɗi wanda ya kira ta draconian. Haka nan mai fassara zuwa Hausa, idan ya tsaya a kan doka mai tsauri kawai, ya zubar da zargin da ke cikin kalmar. Gwamma ya ce dokar da tsaurinta ya wuce kima, ko hukuncin da ya fi ƙarfin laifi, ko matakan gallazawa idan mai maganar abin da yake nufi ke nan.

Akwai kuma haɗarin yawan amfani da ita. Idan ɗalibi ya kira dokar hana shiga aji da waya draconian, ko ma'aikaci ya kira dokar zuwa ofis ƙarfe 8 draconian, to an taɓa darajar kalmar, kuma ranar da aka zo maganar tsare mutum shekaru ba shari'a, za a tarar ta yi sanyi a kunnen masu sauraro. Kalma ce ta rubutu da jawabi mai nauyi, ta fi dacewa da sharhin jarida, da takardar kotu, da muhawarar majalisa.

Ba Turanci kaɗai ya gaji sunan Drakon ba. Masu kallonmu na Nijar da Kamaru da Chadi sun san draconien a Faransanci, kamar a mesures draconiennes, kuma Faransanci ya ɗan faɗaɗa ta, domin ana cewa régime draconien a kan tsarin cin abinci mai takura da likita ya gindaya wa majiyyaci ko mutum ya ɗora wa kansa. Jamusawa kuma suna da drakonisch.

Abu na ƙarshe da ya kamata a kiyaye shi ne wata kalma mai kama da ita, wato draconic. A tsofaffin rubuce-rubucen Turanci ana samun ta da ma'ana ɗaya da draconian, amma a Turancin yau an fi amfani da ita a kan abin da ya shafi dodon nan dragon, musamman a labaran ƙirƙira da wasannin kwamfuta. Don haka ɗalibin da yake rubuta jarrabawa, ko lauyan da yake shirya takardar ɗaukaka ƙara, idan doka ko hukunci yake nufi, draconian zai rubuta, da ƙaramin harafi, ya sa ta gaban sunan da take siffantawa. Mun gode da kasancewa tare da mu, sai mun haɗu a shiri na gaba.